Littafin Kakar Raptors: Wasa 82 Daga Zariya

26 ga Oktoba, 2023

Jiya da yamma na sayi littafin rubutu mai kaurin bango a kasuwar Samaru, na ja layi a shafin farko, na jera lamba daga 1 zuwa 82. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in kalli kowane wasa na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors a wannan kaka, in rubuta abin da na gani, in ya so a ƙarshe in haɗa ɗan littafi da Hausa saboda yaran da muke horarwa a fili bayan la'asar. Yaran nan sun haddace duk wani tsalle da aka yi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suna gani a waya, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake haɗa ƙungiya da yadda take wargajewa.

Dalilin zaɓen Toronto ba ɓoyayye ba ne ga ɗan Zariya. Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar a wannan kaka, a Ingila aka haife shi amma a garin nan ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando. Shi ne ya yi kasadar bayar da DeMar DeRozan a 2018 ya karɓo Kawhi Leonard, a watan Yunin 2019 kuma suka doke Golden State suka ɗauki kofi. Daren nan ban manta shi ba.

Sai dai ƙungiyar da zan bi bana ta yi nisa da waccan. Bara sun ci 41 an ci su 41, tsaka-tsaki sak. A wasan neman gurbi a zagayen neman kofi, wanda ake yi wa na 7 zuwa na 10 a kowane yanki, sun ba Chicago ratar maki 19 a gidansu, suka zubar da jifan kyauta 18 cikin 36, aka fitar da su 109 da 105. An sallami koci Nick Nurse, an kawo Darko Rajaković ɗan Sabiya. Fred VanVleet ya tafi Houston ba tare da Toronto ta samu ko sisi a madadinsa ba. Tambayar da na rubuta a bangon littafin ita ce: gyara ake yi, ko ginin ne ya kamata a sauke?

Wasan farko ya fara ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a agogonmu. Sun doke Minnesota 97 da 94. Dennis Schröder, wanda ya ɗauko Kofin Duniya da Jamus watan jiya, ya riƙe ƙwallo da natsuwa. Na kwanta da murna.

20 ga Nuwamba

Ina kan layi, ban tsallake wasa ko ɗaya ba, ko da yake biyu a maimaici na gan su saboda wuta ta ɗauke kuma cajin waya ya ƙare. Yanzu na sayi ƙaramin batirin caji.

Abin da sabon koci yake so a bayyane yake: da ƙwallo ta zo hannunka, cikin rabin daƙiƙa ka yanke shawara, ko jifa, ko miƙawa, ko kutsawa. Daren jiya abin ya zauna daram, sun yi wa Detroit 142 da 113, da miƙa ƙwallon da aka ci har 44, adadin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. Amma Detroit ce. Ranar da suka haɗu da masu tsaro na gaske, sai fili ya cushe, domin ba su da masu jifan nesa. Pascal Siakam yana son ƙasan kwando, Scottie Barnes yana son wurin, Jakob Poeltl kuma a nan yake kwana yake tashi. Mutum uku, ɗaki ɗaya.

Barnes dai ya canza. A San Antonio, da aka ba su ratar 22, shi ya jawo su har aka je ƙarin lokaci suka ci. Na sa wa sunansa alama da jan biro.

31 ga Disamba

Yau rubutun zai yi tsawo.

Jiya da dare ina shan shayi a bakin titi, sanyin hunturu ya sa kowa ya rufe kunne, sai abokina mai gyaran waya ya miƙo mini tasa ya ce, "Malam, duba, an sayar da OG." An ba New York Knicks OG Anunoby da Precious Achiuwa da Malachi Flynn, an karɓo RJ Barrett da Immanuel Quickley da gurbin zaɓe ɗaya na zagaye na biyu, wato damar ɗaukar sabon ɗan wasa a zaɓen matasa da ake yi kowace shekara. 'Yan asalin Najeriya biyu a tafi ɗaya: OG, wanda aka haifa a Landan, da Achiuwa ɗan Fatakwal.

OG shi ne irin ɗan wasan da nake nuna wa yara idan ina so su gane tsaro. Ba ya hayaniya, ba ya tsalle a banza, ƙafarsa tana riga idonsa. Yana iya tsare mai raba ƙwallo a wannan zuwan, a zuwa na gaba ya tsare dogon tsakiya. Amma kwantiraginsa na iya ƙarewa a ƙarshen kaka, kuma darasin VanVleet yana nan ɗanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ya tsaya mini shi ne irin abin da aka karɓo. Ba tarin gurabun zaɓe aka nema ba, matasa aka ɗauko waɗanda za su iya wasa gobe. Barrett ɗan gida ne, a Toronto aka haife shi, shi ne na 3 a zaɓen 2019. Quickley yana jifan nesa, abin da Barnes yake ƙishirwa. Wato har yanzu Masai bai yarda a sauke ginin ba, yana canza azara ne mutane na ciki.

Sannan da daren, da ragowar 'yan wasa, suka je Detroit. Detroit ta yi wasa 28 a jere ana cin ta. A kan Toronto ta karya wannan mugun jerin, 129 da 127. Yanzu 12 da 20. Na rubuta sakamakon, na rufe littafin, ban ƙara komai ba sai yanzu da safe.

10 ga Janairu, 2024

Sababbin sun shigo da ƙafar dama. An ci Cleveland ranar sabuwar shekara, an ci Memphis, an je har gidan Golden State an yi musu 133 da 118, Barrett da maki 37. Na fara lissafin matsayi na 10 a gefen shafi.

Wasan Lakers ya fara ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Na kalli rabin farko a lulluɓe cikin bargo, na je masallaci, na dawo na tarar ana zubi na huɗu. An ci su da maki ɗaya, 132 da 131. A wannan zubin kaɗai Lakers sun samu jifan kyauta 23, Toronto 2. Rajaković ya fito gaban 'yan jarida yana dukan tebur, yana cewa abin kunya ne, yana cewa Barnes zai zama fuskar gasar nan. Ban saba ganin koci ya tsaya wa yaronsa haka a bainar jama'a ba. Da yamma na nuna wa yaranmu bidiyon, wani ƙarami ya ce, "Koc, kai ma za ka yi mana haka?" Na ce masa in ya koyi komawa tsaro da gudu, zan yi.

19 ga Janairu

Siakam ya tafi Indiana.

An karɓo Bruce Brown, da Jordan Nwora wanda ya buga wa Najeriya, da Kira Lewis, da gurabun zaɓe uku na zagayen farko, biyu na bana ɗaya na 2026. Wannan karon babu sauran rufa-rufa, an sauke gini.

Siakam ɗan Duwala ne a Kamaru, bai fara ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kusa girma. Toronto ta ɗauke shi a matsayi na 27 a 2016, lokacin da kusan ba wanda ya san shi. A 2019 shi aka ba kyautar wanda ya fi kowa ci gaba, a wasan farko na zagayen ƙarshe na neman kofi kuma ya zuba wa Golden State maki 32. Sau biyu yana shiga jerin gwanayen gasar na shekara. Duk yaron da ya zo fili a makare, yana jin kunyar cewa ƙannensa sun fi shi iya dirbulin, labarin Siakam nake ba shi.

Na kalli taron manema labaran Masai har ƙarshe. Muryarsa ta karye da yana maganar Siakam, da abin da yake nufi a ce yara biyu daga Afirka sun ɗauki kofi tare. Na yarda da hawayensa ɗari bisa ɗari. Kuma duk da haka dole in rubuta abin da na gani, tunda littafin na yara ne kuma ba zan koya musu son kai ba: an makara. Gurabun nan na bana ba za su zo a sama ba, domin Indiana ƙungiya ce mai cin wasa. Ɗan wasan da saura wata biyar kwantiraginsa ya ƙare, ba wanda zai biya cikakken kuɗinsa. Da a Fabrairun bara aka yi wannan ciniki, da VanVleet da Siakam da OG duk suna hannu, da abin da za a samu ya ninka.

A maimakon haka, a Fabrairun bara saye aka yi. An ɗauko Poeltl daga San Antonio aka ba da gurbin zaɓen farko na 2024, da sharaɗin cewa in ya faɗo cikin shida na sama Toronto ta riƙe abinta. Poeltl ɗan wasa ne mai amfani, ban taɓa ƙin sa ba. Amma an saye shi ne don a kai matsayi na 9. Abin da ya fi damuna, Masai da kansa ne a 2021, bayan kakar da annoba ta sa suka yi zaman Tampa a Amurka, ya tambayi 'yan jarida wasan neman gurbi don me. Waccan shekarar sun haƙura, sun ƙare 27 da 45, ƙuri'a wadda ake raba gurabun sama da ita tsakanin ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa ta ba su na 4, suka ɗauki Barnes. Mutumin da ya san wannan hanya shi ne ya kauce mata bayan shekara biyu. Ina jin ƙauna ce ta riƙe hannunsa. Yaran da ka raina tun ba su san komai ba, sakin su ba lissafi ba ne kawai.

Rabin kaka ya cika, 16 da 25.

9 ga Fabrairu

An rufe kasuwar musaya jiya. An ba Utah ɗaya daga gurabun da aka samu a kan Siakam, tare da Otto Porter da Kira Lewis, an karɓo Kelly Olynyk da Ochai Agbaji. An tura Schröder da Thaddeus Young Brooklyn, wanda aka karɓo, Spencer Dinwiddie, aka sallame shi nan take. Bruce Brown, da kowa ya ɗauka wucewa zai yi, yana nan.

Ban gane sayen Olynyk ba da farko, mutum mai shekara 32 a ƙungiyar da ke farawa daga tushe. Da na sake tunani, dogo ne mai jifan nesa mai iya miƙa ƙwallo, zai buɗe wa Barnes fili, kuma ɗan Kanada ne mai son zama. Na bar alamar tambaya a wurin.

Labari mai daɗi: an saka Barnes a wasan taurari, a madadin wanda ya ji rauni. Shekararsa 22.

27 ga Fabrairu

Uku a jere, karon farko a kakar nan: Brooklyn, Atlanta, sai Indiana a gidanta 130 da 122, Siakam yana ɗaya ɓangaren. Koci ya yi musu alkawarin fiza duk ranar da suka ci uku a jere, yanzu sai ya cika. 22 da 36. Atlanta ce a matsayi na 10 kuma ba ta yi nisan da ba za a kamo ta ba. Gradey Dick, yaron da aka ɗauka na 13 bara, wanda a Nuwamba ko kwandon ba ya gani, yanzu jifansa yana shiga.

A nan zuciyata ta rabu biyu. Mai kallo a cikina yana son su kamo Atlanta. Mai littafi kuma ya san cewa in sun kai na 10, wasa ɗaya ko biyu za su ƙara, gurbin zaɓe kuma kusan tabbas ya tafi San Antonio.

5 ga Maris

Barnes ya karya ƙashi a hannun hagu a wasan Golden State ranar 1 ga wata. Bayan kwana biyu Poeltl ya ji rauni a ɗan yatsa a wasan Charlotte. Dukansu sai tiyata. Na daina lissafin gefen shafi.

Barnes ya tsaya a kan maki 19.9, cafke ƙwallo 8.2, miƙawa 6.1 a kowane wasa. Zan yi babi guda a kansa.

4 ga Afrilu

Wata guda ban yi dogon rubutu ba, sakamako kawai nake cikawa. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, kuma tunda Amurka da Kanada sun matsa agogonsu, wasannin sun dawo sha biyu da rabi. Sai in dawo daga asham, in ɗan runtsa, in tashi in kalla, a gama wajen uku, in zauna jiran sahur. Uwargida ta saba, tana ajiye mini kunu a filas kusa da tabarma. Goman ƙarshe da aka fara tahajjud na koma kallon maimaici da rana.

Abin da na kalla a watan nan yana da wuyar kira ƙungiya. Barrett ya yi rashin ƙaninsa ya tafi gida, Allah ya ba iyalin haƙuri. Quickley ma ya yi rashi a danginsa. Wasu daren sai in ga mutum biyar a fili, uku sai na nemi sunayensu. Sha biyar a jere ke nan ana cin su. Na daren jiya ya fi kowanne muni, Minnesota 133, Toronto 85. Ratar 48, ba a taɓa yi wa ƙungiyar irin ta ba tun da aka kafa ta a 1995. Ita ce Minnesotan da suka doke a shafin farko na littafina.

Abu ɗaya na lura da shi wanda zan kai wa yara: ko ana bin su 30, ƙwallo tana zagayawa. Ba wanda ya ce tunda an lalace bari in tara nawa makin. Wannan aikin koci ne, kuma a irin wannan watan ake gane shi.

18 ga Afrilu

An ƙare 25 da 57, na 12 a yankin Gabas. Sun karya jerin a Milwaukee, suka ci Washington, sannan aka ci su huɗun ƙarshe. Layi 82 sun cika a littafina.

Jiya hukumar gasar ta kori Jontay Porter, ɗan wasan Toronto, har abada, bayan bincike ya nuna ya ba masu caca bayanan sirri, ya fita daga wasa da wuri saboda cacar, ya kuma yi caca a kan wasannin gasar. Na koma shafin 20 ga Maris, wasan Sacramento, na ga na rubuta da hannuna cewa ya fita bayan 'yan mintuna ba shi da lafiya. Jikina ya yi sanyi. Shagunan caca sun cika unguwanninmu, kuma na san akwai manyan yaranmu da ke leƙawa. Wannan babin ba ya cikin tsarina na farko, amma zai shiga, kuma ranar Asabar kafin a taɓa ƙwallo za mu zauna a kai.

13 ga Mayu

An yi ƙuri'ar gurabun zaɓe jiya, ƙarfe takwas na dare a nan, karon farko da wani abu na gasar ya same ni a farke ba tare da ƙararrawa ba. Toronto ce ta shida daga ƙasa, damar riƙe gurbinta ta ɗan gaza rabi. Ƙungiyoyi biyu daga baya suka tsallako sama, Atlanta ta ɗauki na 1, Toronto ta gangaro na 8. Gurbin ya zama na San Antonio.

Wasa 57 aka sha kashi, ladan kuma wani ya ɗauka. Masu kare shugabanni suna cewa zaɓen bana ba shi da ƙarfi, gara a biya bashin yanzu a shiga na 2025 da 'yanci. Akwai gaskiya a ciki, zan rubuta ta yadda suka faɗa. Amma bashin tun farko bai kamata a ci shi ba.

20 ga Mayu

Indiana ta fitar da New York a wasa na bakwai, 130 da 109, a gidan Knicks. Siakam a wannan gefe, OG a wancan, ko da yake raunin cinya ya hana OG yawancin wasannin, jiya ma mintuna kaɗan ya iya. Achiuwa ma yana ciki. Mutanen da aka ce ba za su iya kai Toronto ko'ina ba, ga su a zagaye na biyu, ɗaya zai wuce wasan ƙarshe na yanki. Siakam kusa da Tyrese Haliburton, mai raba ƙwallon Indiana, da masu jifan nesa ya zama wani mutum daban. Na yi masa murna har zuciya.

28 ga Yuni

An yi zaɓen sababbin 'yan wasa cikin kwana biyu. Da gurbin Indiana, na 19, sun ɗauki Ja'Kobe Walter. Da wanda aka samu a cinikin OG, na 31, Jonathan Mogbo. Sai Jamal Shead na 45, sai na 57, Ulrich Chomche, ɗan Kamaru daga makarantar NBA da ke Senegal, na farko da aka taɓa ɗauka kai tsaye daga can. Wani dogon yaro daga Kamaru a ƙarshen layi, wanda sai an yi haƙuri da shi. Hannun Masai ne wannan, ko ba a faɗa ba.

An amince da Barnes a kan shekara biyar da kuɗi mafi yawa da doka ta yarda, sama da dala miliyan 220. Quickley ma shekara biyar. Wato an zaɓi ginshiƙai, kuma masu tsada ne tun ba a ci komai da su ba. Abin da zan sa wa ido a kaka mai zuwa shi ne ko za a bar su su yi shekara guda suna koyo a ƙasa, ko kuma da an ci biyar a jere za a sake fita kasuwa neman matsayi na 10.

Inda aikin yake: babi huɗu na rubuta da hannu, na tsaron OG, na Siakam, na yadda musaya da gurabun zaɓe suke aiki, da na caca. Na Barnes da na Poeltl suna nan a zayyane. Wani ɗalibi a unguwarmu ya yarda zai buga mini a kwamfuta bayan jarrabawarsa. Kalmomi suna ba ni aiki, na gwada "jifan kyauta" da "gurbin zaɓe" a kan yara sun karɓa, amma har yanzu muna gardama a kan sunan da za mu ba tsarin da dogo yake tare wa mai ƙwallo hanya sannan ya juya zuwa kwando. Wasannin bazara na Las Vegas za su fara a watan gobe, zan ga Walter da Chomche a can. Na riga na sayi littafi na biyu, na ja layin.